Jatan Lande da Rijiyar Gidanmu

Kun zo mini da waya kuna nuna mini wani mutum yana zuba yashi a akwatin gilashi, kafin in gyara tabarau har jatan lande sun cika akwatin suna iyo. Na ji ɗayanku yana cewa, "Baba Habu, ashe abin ma ba wuya." To ku gyara zama. Hoton nan yanka shi aka yi. Abin da aka yanke aka zubar, shi ne sana'ar.

Ni da gilashi na fara. Ina saurayi mahaifinmu ya ɗauke ni daga ƙauyen nan namu na ƙasar Gezawa ya kai ni Kano wurin Malam Isyaku mai yankan gilashi. Gonarmu ba ta isa mutum biyu ba. Kun dai san gonakin nan, kana tsaye a kunyarka kana jin tarin maƙwabcinka. Sai aka ce Yaya Ado, wanda nake bi, ya riƙe fartanya, ni kuma in je in koyo aikin hannu.

Malam Isyaku gilashin taga yake yi, da madubi, da akwatunan da masu burodi ke jera kaya. Kayan aikinsa ba yawa: abin yanka mai ɗan bakin daimon, doguwar rula ta katako, filaya, dutsen goge baki, da gwangwanin kananzir da ake tsoma bakin abin yankan. Na daɗe ina share ɓaraguzai kafin ya yarda in ja layi. Ranar da ya miƙo mini abin yankan ya ce, "Sau ɗaya ake ja. Ka saurara, za ka ji kamar ana yaga sabon yadi. In ka koma ka maimaita, ka kashe bakin daimon, gilashin kuma ya karye inda ya ga dama." Ku dubi yatsuna. Kowane tabo da ranar da na yi gaggawa.

Akwatin ruwa na farko da na haɗa na wani Bayarabe ne mai sayar da kifin ado a Sabon Gari. Na yanka, na goge baki, na manna da silikon, ya fito tsaf. Da muka cika shi da ruwa sai wani lungu ya fara hawaye. Malam Isyaku ya taɓa wurin ya ce, "Ka riƙe bakin gilashin da hannu mai maiƙo kafin ka sa gam. Akwatin burodi zai rufa maka asiri, na ruwa ba ya rufawa." Ya sa na farke shi da reza gaba ɗaya na sake. A nan na koyi cewa silikon ma iri-iri ne. Mai warin tsami, wanda ba a haɗa shi da komai ba, shi ne namu. Wanda ake sa wa banɗaki yana da maganin da ke hana funfuna, kuma wannan maganin ba ya barin rai a cikin ruwa.

Shekaru suka tafi. Malam Isyaku ya rasu, Allah ya jiƙansa, na ci gaba da shagon. Wata rana Bayaraben nan, lokacin shi ma ya yi furfura, ya kira ni ya nuna mini wata leda da aka kawo masa daga Legas. Wasu 'yan halittu ne jajaye a ciki, kowanne bai kai gaɓar ɗan yatsa ba. Ya ce jatan lande ne na ado, ana son su, amma duk waɗanda ya kawo mutuwa suke yi a hannunsa. Ruwan famfo na da magani, shagonsa kuma rufin kwano ne. Ya ce, "Alhaji Habu, kai ɗan ƙauye ne, kuna da rijiya. Tafi da ragowar nan ka gwada. In sun mutu, dama mutuwa za su yi." Ban je Makka ba, amma haka yake kirana.

Na kawo su gida ranar wata Juma'a, ledar a cikin kwano, kwanon a kan cinyata cikin mota. Yaya Ado ya leƙa ya ce, "Waɗannan ƙwarin fa?" Na gaya masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Mutane na kiwon awaki, ƙanena ya koma kiwon abin da ba layya ba miya." Amma shi ne ya kwashe buhunan da ke tsohon ɗakin Inna, ɗakin ƙasa mai rufin azara, ya ce a nan za su fi jin sanyi. Shi ne kuma ya ɗaura wa shanu amalanke ya ɗebo mini yashi daga rafi.

Yadda aka tsara ɗakin nan, ku dube shi da kyau, don babu abin da aka ajiye a banza. Akwatin jatan lande ba ya son tsawo, faɗi yake so, saboda su a ƙasa suke kiwo kamar kaji. Teburin da za ka ɗora shi sai ya daidaita, ka shimfiɗa soso a ƙarƙashi, in ba haka ba ƙwayar tsakuwa ɗaya za ta tsaga maka gindin gilashi idan ruwa ya yi nauyi. Nesa da taga, don rana na dafa ruwa. Yashi kuwa a wanke shi har ruwan wankin ya fito kamar na sha, kuma mai duhu ya fi, a kansa jansu ke fitowa. Sai tsingaro, wato fasasshiyar tukunyar ƙasa, a kifa su nan da can su zama maɓoya. Sai busasshen ganyen gwaiba ko na mangwaro, a dafa shi tukuna. Sai gansakuka, wadda matan gida ke kankarewa daga jikin randa suna tsaki, mu kuma lallaɓa ta muke yi. A sama a yafa kainuwa kaɗan ta yi inuwa.

Injin iska ƙarami ne, sola ke riƙe shi, don wanda ya dogara da wutar layi a ƙauye ya shirya jana'iza. Bakin bututun sai an sa masa soso. Na farko da na yi ban sa ba, na yi amfani da matacin ruwa irin na akwatin kifi, ya zuƙe 'ya'yan farko da aka haifa mini. Jaririn jatan lande bai fi kan allura ba, sai ka kafa ido kafin ka gan shi a jikin gilashi.

Abin da hoton wayarku bai nuna ba shi ne jira. In ka gama haɗa akwati ka cika shi da ruwa, ba a sa komai. A bar injin yana aiki makonni, har ruwan ya nuna, gilashin ya yi ɗan santsi, ganyen ya fara laushi. Wannan santsin shi ne abincinsu na gaskiya. Zogale ko kabewa dafaffiya da muke ba su ƙari ne kawai, shi ma ɗan mitsitsi, abin da ya rage a tsame shi. Ranar da za a sa su kuma ba juye leda ake yi ba. Robar ƙarin ruwa ta asibiti nake saya sabuwa a kemis, in riƙa ɗiga musu ruwan akwatin ɗigo-ɗigo har su saba. Canjin ruwa farat ɗaya yana kashe su. Sabulu a hannu yana kashe su. Turare, maganin sauro, ɗan guntun wayar tagulla da ya faɗa ciki, duk haka.

Maiɗakina Binta ita ta zama mai kiwon, ni ina zirga-zirgar Kano. Rannan ta aiko a kira ni daga masallaci, wai sun fara mutuwa, ga gawarwaki farare a kan yashi. Na zo na duba na ce saɓa ce suka yi, kamar maciji, a bar musu kayansu za su cinye. Daga baya ta fi ni ido. Ita ke gane macen da ta ɗauki ƙwai a ƙarƙashin ciki tana yi musu fifita da ƙafafu, ita ke ware waɗanda jansu ya fi kauri a akwati guda, masu fari-fari a wani. A bazara, in zafi ya tsananta, ita ke jiƙa buhunan algarara ta rataya a ƙofa da taga, ta yayyafa wa daɓe ruwa. Da wannan zaɓen nata, shekara bayan shekara, muka samu iri mai ja kamar tattasai. Bayaraben da kansa ya ce na Legas ba su kai su ba.

Masu saye iri-iri ne. Akwai wani Alhaji a Bacirawa da na haɗa wa babban akwati a falo. Na gaya masa kada ya haɗa su da kifi. Na juya baya ya sayo manyan kifaye masu launin zinariya ya zuba, wai akwatin ya yi masa fayau. Da ya kira ni yana faɗa cewa na sayar masa da abin da ke ɓacewa, na je na nuna masa cikin kifayen. Akwai wata mata mai gidan abinci da ta tambaye ni yaushe za su girma a sa a miya. Akwai wata likitar yara da ta ajiye akwati a inda ake jira, ta ce yaro in yana kallonsu yakan manta da allura. Ita ce ta fi kowa bin ƙa'ida, har takan kira ta tambayi Binta ba ni ba.

Yaya Ado bai daina tsokana ba, amma in ya dawo daga gona ya yi la'asar, sai ka gan shi ya jawo buhu ya zauna a bakin ƙofar ɗakin. Ba ya shiga, ya ce jikinsa da taki. Yakan ce, "Habu, waccan mai cikin ta sauka kuwa?" In na ce ta sauka, ya ce, "To barka. Yaushe suna?"

Sai shekarar tsutsa. Damina ta yi kyau, masara ta kai ƙugu, sai aka wayi gari ganye duk huji. In ka buɗe tsakiyar masarar sai ka tarar da tsutsa kwance tana ci. Toka ba ta yi ba, yashi bai yi ba. Gonakinmu kuwa a manne suke, abin da ya ci ta wannan gobe yana ta wancan. Yaya ya je kasuwa ya sayo famfon feshi na goyo, na hannu, wanda wani ya gama mora, da magani da aka auna masa a gorar ruwa ba takarda a jikinta. Ya fesa tamu. Ya ga in ba a fesa ta maƙwabta ba aikin banza ne, sai ya bi su yana gaya musu. Masu ƙarfi suka ɗauki 'yan feshi. Tsofaffi da matan da mazansu suka rasu, shi ya ɗauke musu. Ba takalmi, ba safar hannu, tsumma kawai a hanci.

Ranar da abin ya faru ina Kano ina sa gilashin wani shago. An yi ruwa da safe. Binta ta yi abin da ta saba, ta rage ruwan akwatunan kaɗan ta ƙara daga randar da aka cika daga rijiyar gida. Na sauka daga mota bayan la'asar na tarar da ita tsaye a ƙofar ɗakin. Ta ce, "Malam, zo ka gani. Wannan ba saɓa ba ce."

Jatan lande lafiyayye ba ya yawan iyo, yana ƙasa yana tsince-tsince. Waɗannan kuwa duk sun tashi suna zagaye kamar an kaɗa su, su haura sama su faɗo a kan bayansu, ƙafafu na rawa. Duk akwatunan. Na san abin da na gani. Na daka gawayi na ƙulle a tsumma na jefa ko zai tsotse gubar, na hau babur na ɗebo ruwan burtsatse daga ƙauyen gaba, muka yi ta kwashe masu sauran motsi muna mayarwa a roba. Washegari babu ko ɗaya mai rai. Binta ta tsame su da rariyar shayi, suka cika ɗan kwano. Masu ƙwai na ciki, ƙwan na nan a jikinsu. Ta ce a zuba wa kaji? Na ce a'a, a haƙa rami mai zurfi.

Na sami Yaya a zaure yana ɗaure igiyar famfon. Na gaishe shi na zauna.

"Yaya, a ina kake haɗa maganin?"

"A bakin rijiya mana, inda ruwa yake."

"Wankin famfon fa?"

"Nan dai. Da gugan gida." Ya tsaya da ɗaurin. Ya dube ni. "Binta ta ce dabbobinka sun mutu. Ni ne ke nan."

Na ce, "Ba wannan ya kawo ni ba. Su ɗan kaɗan ke kashe su, shi ya sa suka riga mu. Ruwan nan shi yara ke sha. A rufe rijiyar yau."

Ya ce a rufe. Ya tashi zai saɓa famfon, sai na ga bayan rigarsa. Daga kafaɗa har ƙugu rigar ta rine, ta yi tauri. Tankin yana yoyo ta wajen murfi da wata tsaga a gefe.

"Yaya, tun yaushe yake zuba a bayanka?"

"Tun da na saye shi. Yana ɗan yi mini jiri da rana, in na sha nono sai ya wuce."

"Ka ajiye shi. Don Allah ka ajiye shi."

"Saura kaɗan, Habu. Ta Gwaggo Asabe ce ta rage, da ta gidan marigayi Sale. In na bari me za su ci? Kai ba mai gam ba ne? Toshe mini."

Na karɓa na wanke, na busar, na goge tsagar, na cika ta da silikon mafi kyau da nake da shi. Na gaya masa gaskiya, gam ɗina gilashi yake kamawa, ba ya kama irin wannan robar, zai ɗan riƙe ne ya saki. Na ce ya jira in je Kano in sayo sabon famfo da takalmin roba. Ya ce to. Na yanka masa babbar leda ya riƙa sawa a baya kafin nan. Da na tafi Kano da safe, ya duba gonar Gwaggo Asabe ya ga tsutsa ta kusa gama da ita, bai jira ba.

A gonar aka same shi wajen azahar, kwance tsakanin kunya, gumi ya jiƙa shi, yawu na zuba, numfashi na yi masa gardama. Ina hanya da sabon famfon a ɗaure a bayan mota aka kira ni. Muka kai shi asibiti a Kano. Likitoci sun yi iya yinsu, suka ce maganin ya daɗe yana shiga ta fata da hanci. Ya farfaɗo, aka sallame shi, muka dawo gida. Amma ƙafafunsa ba su ƙara ɗaukarsa zuwa gona ba, ƙirjin kuma kullum kamar ana jan zarto.

Muka yashe rijiyar har ƙasa, aka bar ta ta sake tarawa, aka kuma yashewa. Duk da haka har yau ba na sa ruwanta a akwati. Ruwan sama nake tarawa a durom bayan an yi na farko ya wanke rufi, kuma a lokacin feshi ƙofar ɗakin nan da tagarsa a rufe suke. Waɗannan da kuke gani yanzu daga baya aka kawo mini su, bayan akwatunan sun daɗe a kife ina aikin taga kawai. Suna da kyau. Ba su kai na Binta ja ba, kuma ta ce idonta ya gaji, ba za ta sake zaɓen daga farko ba.

Yaya ya yi ta jinya har kaka. Wata rana da hantsi ina gyara masa matashi ya ce, "Habu, ka je ka dubo mini ta Gwaggo Asabe. Ban gama layin ƙarshe ba." Na je na dawo na ce ta yi goyo, har layin ƙarshen. Ya ce alhamdu lillahi. Ana cikin karyar masara ya rasu.

Masara ta yi kyau a shekarar nan, duk inda ya fesa. Ƙauyukan da ke kewaye da mu wasu ba su cika rumbu ba, mu muka cika. Ranar sadakar bakwai ina zaune a ƙofar gida da masu gaisuwa, sai ga Gwaggo Asabe tafe da sanda, kwando a kanta. Tsohuwa ce sosai, ba ta yarda kowa ya karɓar mata ba sai da ta iso gabana ta sauke. Masara ce cike.

Ta ce, "Rabon Ado ne. Na ce masa in Allah ya kai mu kaka zan kawo, ya ce in bari. To ban bari ba."

Na ce, "Gwaggo, ki koma da abinki, ke ma kina da buƙata."

Ba ta ko saurare ni ba. Ta ɗauki guda ta ɓare a gaban mutane, ta juya ta, ƙwaya ta jeru har baki. Ta ce, "Duba, Habu. Ko tsutsa ɗaya babu."

Aka shiga da kwandon cikin gida. Matan suka surfa, aka niƙo, aka haɗa da wadda aka yi tuwon sadaka. Aka fito da kwanuka, malamai suka ci, maƙwabta suka ci, 'ya'yansa suka ci. Aka ajiye nawa a gabana, na wanke hannu na yi bisimilla.

Allah ya jiƙan Yaya Ado, ya sa aljanna ce makomarsa.